Kafin ka taɓa kuɗin fansho, nemi rasit a hannun ƙanenka

Wani bawan Allah daga Kano ya rubuto cewa ya yi shekaru yana aiki a wata masana'anta. Wata goma da suka wuce mota ta buge shi a hanyarsa ta komawa gida daga wurin aiki, aka yanke masa ƙafa ɗaya, bayan wata uku kuma kamfani ya sallame shi. Akwai bashin gida a kansa, naira miliyan 5 da ya karɓa ta tsarin NHF, wato Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cire masa kusan dubu 36 duk wata. Kuɗin sallamarsa, miliyan 1 da dubu 800, ya damƙa wa ƙanensa ya riƙa biyan banki ya kuma juya sauran. Yanzu banki ya aiko takarda cewa wata shida ba a biya ko sisi ba. Ƙanen ya ce kuɗin suna cikin wata harka ta intanet mai ba da ribar kashi 30 duk wata, a ƙara haƙuri. Shi kuwa yana zaune a ɗan kantin da ya buɗe a ƙofar gida. Tambayarsa ita ce, ya ciro kuɗin fanshonsa ya ƙara a harkar don ya biya bashin gaba ɗaya ya huta?

Malam, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Amsar tambayarka gajera ce: kada ka saka ko kwabo. Duk harkar da ta yi alkawarin kashi 30 a wata, kuɗin sababbin shiga take raba wa tsofaffi, ranar da shiga ta tsaya ta rufe. Mun ga yadda irin wannan harka ta MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, mun ga ta CBEX a Afrilun 2025, kuma har gobe ana samun masu cewa tasu daban ce. Na gaji da wannan maganar, don haka ba zan daɗe a kanta ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne wata shida cur ba ka ga rasit ko ɗaya ba, kuma ba ka tambaya ba. Hatsari ƙaddara ce, sallama daga aiki ba kai ka jawo ta ba, amma wannan kam kai ka yi. Ka ɗauki rufin kan iyalinka ka rataya a kan kalmar "na biya, Yaya". Lokacin da kake aiki, kamfani ne ke cire kuɗin daga albashi kafin ya iso hannunka, ba ka taɓa sanin ranar biya ba. Da albashi ya tsaya, nauyin ya dawo kanka kai tsaye, sai ka miƙa shi ga wani ka juya baya. Na san dalilin: kana jinya, fita tana wahala, kuma kunya ba za ta bar ka ka ce wa ɗan'uwanka na jini ya nuna maka takarda ba. To bankin bai san ƙanenka ba. Sunanka ne a yarjejeniya, takardun gidanka ne a ajiye a wurinsu. Kuma a zamanin da ake tura kuɗi ta waya daga kan gado, alat ya shigo cikin minti ɗaya, ba ka da uzurin aika mutum da kuɗin bashi.

Na san wani mai shagon atamfa da ya samu shanyewar ɓarin jiki. Shekara biyu yana ba ɗan yayansa kuɗin hayar shago ya kai wa mai rumfa. Yaron yana zuwa kullum ya gaishe shi, ya ɗaga shi ya zaunar, ya saya masa magani. Ranar da mai rumfa ya turo a kwashe kaya ne aka gane rabin kuɗin kawai ake kaiwa. Aka zauna sulhu, mai rumfa ya buɗe littafinsa, shi kuwa mara lafiya ba shi da ko guntuwar takarda. Shagon ya tafi, zumuncin da ake karewa ma ya tafi. Da tun watan farko ya ce a kawo rasit, da yaron bai samu ƙofar da zai shiga ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba ta kuma ware 'yan'uwa ba.

Saboda haka a wannan makon ka kira ƙanenka gaban wani babba na gidanku, ba don faɗa ba. Ya rubuta nawa ya karɓa, nawa ya saka a harkar, a wace rana, nawa ya rage a hannunsa. Abin da ya rage ya dawo asusunka a ranar. Abin da ya shiga intanet, ya nemi cirowa a gabanku. Idan aka ce sai an ƙara kuɗi kafin a saki, to ka ɗauka sun tafi, ka yi lissafinka ba tare da su ba.

Sannan ka je bankin da kanka, ko da a Keke Napep ne da sanduna. Bashin NHF daga Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, yake fitowa, amma ta hannun bankin jinginar gida da ya ba ka, can za ka nufa. Ka tafi da takardar asibiti da takardar sallama. Ka nemi cikakken bayanin asusun bashin, ka ga uwar kuɗi nawa ta rage da tarar da aka ɗora. Wata shida a dubu 36 ya kama kusan dubu 216, kuɗi ne amma bai kai a rasa gida a kansa ba. Ka rubuta musu takarda kana neman a sake tsara biyan, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. A sanina banki ya fi son mai zuwa ya zauna a yi magana da shi fiye da shiga dogon rikicin sayar da gida. Wanda suke matsa wa shi ne wanda ya ɓace. Ka kuma tambaye su inshorar da aka haɗa da bashin. Irin wannan bashi yawanci yana tafiya da inshora, wata mutuwa kawai ta rufe, wata har da nakasa ta dindindin. A nuna maka takardar ka karanta, ko ka sa mai karatu ya karanta maka.

Akwai haƙƙin da ban ga ka ambata ba ko kaɗan, kuma lokacinsa na ƙurewa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa kamfanoni zuba kashi 1 na jimillar albashin ma'aikatansu a asusun NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan ma'aikata diyyar rauni, kuma ta haɗa da hatsarin da ya faru a hanya tsakanin wurin aiki da gida. A ƙa'ida cikin shekara ɗaya ake shigar da buƙata. Kai kana wata na goma. Ka je tsohon wurin aikinka ka tambaya ko sun kai rahoton hatsarin, ka kuma je ofishin NSITF da rahoton 'yan sanda da na likita, kada ka jira kamfani ya yi maka. Abin da za a biya ya danganta da yadda likitoci suka auna nakasar da kuma albashinka na da. Wannan ma kada ka aiki kowa shi kaɗai.

Game da fansho, dokar 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, damar cirar har kashi 25 na asusunsa. Idan ba ka kai shekara 50 ba, ka cika sharaɗin. Haka kuma wanda likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba yana da tasa hanyar, ka tambayi kamfanin fanshonka wacce ta fi dacewa da kai. Idan kuɗin sun fito, wurin zuwansu na farko shi ne bashin watannin da aka tsallake, a tura kai tsaye daga asusunka. Ka ware na wata uku ko huɗu masu zuwa. Abin da ya saura ne zai shiga kanti.

Kantin kuwa, ka auna shi da gaskiya. Bashi naira 1,200 yake ci a kowace rana kafin a ɗora tukunya. Ka sayi littafi ka rubuta ciniki da riba na wata guda, har da sabulu da sukarin da gida ke ɗauka ba a biya. Kanti irin na ƙofar gida ribarsa siririya ce, da wuya ya ɗauki cefane da bashin gida tare. Idan lissafi ya nuna haka, ka duba ko gidan yana da ɗaki ko shagon waje da za a ba da haya, bayan ka tabbatar yarjejeniyarka da banki ta yarda. Bashin NHF mai kashi 6 a shekara yana cikin mafi sauƙi da ake samu a ƙasar nan, ya cancanci a yi ƙoƙarin riƙe shi. Amma idan bayan diyya da fansho da haya har yanzu ba ya ɗaukuwa, ka nemi amincewar banki a rubuce ka sayar da gidan da kanka a farashin kasuwa, ka biya su, ka sayi ƙarami da abin da ya rage, tun kafin maganar ta kai ga gwanjo.