Dillali na matsa min in biya, amma ya ƙi haɗa ni da mai filin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Ni malamar firamare ce a nan Gombe, shekara uku ina zubin adashi, da na kwasa na haɗa da kuɗin 'yan kunnena da na sayar, burina in mallaki ko fuloti ɗaya ne saboda yarana. Wani dillali ya kai ni Tumfure ya nuna min fili mai faɗin ƙafa hamsin da tsawon ƙafa ɗari, yace miliyan 2 da rabi, kuma gaskiya wajen ya kwanta min a rai. Matsalar kullum sai ya kira yace in turo dubu 300 kafin alƙalami, wai akwai wani Alhaji daga Abuja da ke so. Da nace ina son ganin mai filin sai yace ya yi tafiya, shi aka wakilta. Takardar ma a waya ya nuna min hotonta, ta mai unguwa ce. In tura ko in haƙura?
Daga 'yar'uwarku a Bolari.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa nema albarka. Kar ki tura, ko sisi. Ban ce mutumin nan macuci ba ne, ban san shi ba, amma ba a cinikin biri a sama, kuma abin da yake nema ki yi kenan.

Kinga aikin dillali shi ne ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi ciniki a sallama, ya karɓi la'adarsa. Filin ba nasa ba ne. To duk ranar da dillali ya tsaya a tsakani ya hana ku ganin juna, ɗayan biyu ne. Ko dai mai filin miliyan 2 ya ce, shi ya ɗora rabin miliyan a kai yana tsoron ku haɗu asiri ya tonu, ko kuma shi kansa bai san mai filin ba, a bakin wani dillalin ya ji, wancan ma a bakin wani, sai ki tarar mutum huɗu ne a layi kowa na jiran kasonsa daga guminki. Maganar Alhajin Abuja kuwa, wallahi na ji ta har na gaji, kusan kowane fili da Alhajinsa mai zuwa gobe. In da gaske ne ya zo ya saya, Allah ya ba ki wani. Tafiya kuma ai ba ta hana waya, ya kira shi ta bidiyo a gabanki mana, ko ya kawo takardar wakilci mai sa hannu.

Abin da ya sa na damu haka, da idona na gani. Wata maƙwabciyarmu, bazawara mai sayar da atamfa, ta sayi fili ta hannun dillali, ta biya tas, ta sauke yashi tifa biyu da bulo har an fara tonon fandisho. Ranar wata Asabar ta je duba aiki ta tarar da maza uku zaune a kan bulon nata, an rubuta da jan fenti a jikin katangar gefe wai wannan fili ba na sayarwa ba ne. Ashe filin gado ne, ɗaya daga cikin 'ya'yan mamacin ya sayar ba da sanin sauran ba. Ta zo gidanmu da takardar cinikin a cikin leda tana ta juya ta a hannu, ta kasa ko kuka. An sha zaman kotu kafin ta samu wani ɓangare na kuɗinta, yashin kuwa damina ta tafi da shi. Shi ya sa tambayar farko da za ki yi wa mai fili ita ce, ta ina ya same shi? In gado ne a nuna miki takardar rabon gado, in ba a raba ba kowane magaji ya sa hannu, har matan.

Sai batun takarda. Takardar mai unguwa tana da amfaninta, tana nuna an yi ciniki a gaban shaidu, amma ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filayen jiha suna hannun gwamna ne a matsayin amana, shi ke ba da takardar C of O, wato shaidar mallakar fili ta gwamnati, wadda ta gidan zama yawanci shekara 99 ce, kuma in filin mai irin wannan takarda ne sai da amincewar gwamna ake canja suna. A Gombe hukumar GOGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, ki ɗauki kwafin takardar ki je da ƙafarki a bincika miki, ko filin na cikin shatar gwamnati ne, ko awon igiya ne da mutane suka yanka da kansu, ko ma wajen an ware shi don hanya ko makaranta. Ki nemi lauya ya rubuta yarjejeniyar, abin da za ki ba shi bai kai ciwon kan shari'a ba.

Kuma ki koma filin ba tare da dillalin ba. Kin san garin namu da zaizayar ƙasa da kwari, fili sai ya yi kyau da rani kamar faranti, ruwan Agusta ya zo ki ga ashe hanyar ruwa ce. Ki yi sallama a gidan da ke kusa, ki tambayi matan gidan ina ruwa ke bi, waye suka sani da filin, an taɓa rigima a kansa. Su ba su da la'ada a ciki, gaskiya za su faɗa miki.

Kar kuma ki ɗauka duk dillalai haka suke, akwai na Allah da yawa, masu tsoron haƙƙi, kuma ba don su ba da wuya mace irinki da ke aji tun safe ta san inda ake sayar da fili. Nagari yana da wajen zama da aka san shi, zai iya nuna miki mutum biyu uku da suka saya ta hannunsa, shi da kansa zai ce zo ga mai fili. La'ada kuma a yanke ta tun kafin ciniki, nawa ce, waye zai biya, ke ko mai sayarwa ko ku duka, a rubuta. Haƙƙinsa ne ki ba shi da daɗin rai, amma kuɗin filin kansa asusun mai filin za su shiga, sunan da ke takarda shi ne sunan da ke banki, a gaban shaidu, ki ajiye rasit.

Gobe in ya kira ki ce masa kuɗi na nan a shirye, ya sa ranar da za ku zauna da mai filin a gaban mai unguwa, ki tafi da maigidanki ko yayanki, mai filin kuma ya zo da asalin takardar a hannu. Ki rubuto mana abin da ya ce.