Tambayi Likita: Awon Jini Tsakanin Hunturu da Bazara

Tambaya: Likita, shekarata uku ina shan maganin hawan jini. Da bazara awona 130/80 ne, amma da hunturu ya shigo sai ya koma 150/95. Ko maganin ne ya daina aiki? (Wata uwa daga Argungu)

Amsa: Hajiya, ba lallai laifin maganin ba ne. Sanyi yana sa jijiyoyin jini su tsuke don jiki ya riƙe ɗuminsa. Idan kuwa hanya ta matse sai jini ya ƙara ƙarfi, kamar ruwan tiyo in an danne bakinsa. Shi ya sa a Disamba da Janairu awon mutane kan ɗaga, musamman dattawa. Amma kada ki zauna jiran sanyi ya wuce, don 150/95 ya haura 140/90, inda hawan jini ke farawa. Ki koma wurin likitanki ya duba ko za a ƙara maganin. Alwalar asuba kuma, don Allah a ɗan ɗumama ruwan.

Tambaya: Ina noman rani. A zafin Afrilu jiri ke ɗibata in na miƙe, awona ya sauka 100/65. In bar maganin? (Manomi daga Jega)

Amsa: A'a Malam, kada ka bari da kanka. Wannan ne ya fi damuna, domin da yawa sukan ajiye magani da bazara su ce sun warke, jinin ya sake hawa ba su sani ba. Zafin da ya wuce digiri 40 yana buɗe jijiyoyi, gumi kuma ya kwashe ruwa da gishirin jiki, balle in maganinka mai sa fitsari ne. Ka yawaita shan ruwa, ka nemi inuwa daga azahar zuwa la'asar, ka riƙa miƙewa a hankali. Rage magani aikin likita ne, ka je ya gan ka a makon nan.

Tambaya: Awona na safe ya fi na dare. Wanne zan ɗauka? (Dattijo daga Birnin Kebbi)

Amsa: Baba, duka biyun. Cikin barci jini kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ya tashi da farkawa. Ka auna da safe kafin magani da karin kumallo, sannan da dare kafin kwanciya. Ka zauna minti 5 tukuna, ban da goro, shayi ko taba rabin awa kafin awon. Ka rubuta na kwana 7 a takarda ka kai wa likita.