Ƙanwata, kar ki jira sai kin sauka Ingila

Saƙonki ya iso. Kin ce in kika yi tafiya cikin rana ko kika daɗe gaban murhu, ɓarin fuskarki na dama kan ɗau zafi ya jiƙe da gumi, na hagu kuwa a bushe. Kina tambaya ko ki bari sai kin zo karatu a duba ki, tunda za ki biya kuɗin lafiya tare da biza.

A'a, ki ga likitan jijiyoyi tun kina gida. A nan sai kin yi rajista da likitan unguwa, shi zai tura ki gun ƙwararre, kuma layin kan kai watanni.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba zan yanke miki ciwo ta waya ba. Amma abin da kika faɗa ya yi kama da larurar Harlequin, wadda masu bincike a Ostireliya, Lance da Drummond da abokan aikinsu, suka bayyana a 1988. Jijiyoyin da ke sa gumi da buɗe hanyoyin jini na fuska suna tasowa daga laka ta saman ƙirji, su bi wuya su hau. In na gefe ɗaya suka taɓu, wannan gefen sai ya daina gumi. Ashe ɓarin da ya bushe ne mai matsalar, ba wanda ke damunki ba. Yawanci ba a gano sanadi kuma ba ya cutarwa, sai dai wani lokaci ƙari ne a wuya ko saman huhu ke danne jijiyar, shi ya sa ake ɗaukar hoto. Hoton ƙirjin da za a yi miki na biza kuwa tarin fuka kawai ake nema, kar ki dogara da shi.

Littattafan nan da jan fuska suke kwatanta abin, don a fatar Bature suka gani. A tamu fatar ja ba ya fitowa sosai, likita na iya dubanki ya ce bai ga komai ba. Ki ɗauki hoton fuskarki lokacin da abin ke faruwa, ki yi masa zancen zafi da gumi. In fatar ido ɗaya ta sauko, ko ciwon kai ko na wuya ya zo miki farat ɗaya, ranar nan ki tafi asibiti.

Duk takardun gwajin ki taho da su. Ki gaida Umma.