Hoton kafin aure a lambu: aiki ya yi yawa, riba ta ƙi zuwa

Wani mai ɗaukar hoto daga Kaduna ya aiko mini da tambaya. Ya ce yana da ƙaramin sutudiyo, amma yanzu masu shirin aure sun fi son a fita da su Gamji Park, a ɗauke su a ƙarƙashin bishiyoyi ko a kan tsohuwar gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru. Kuɗin da yake karɓa a sutudiyo shi yake karɓa a waje, sai dai ya ƙara na mota. Aiki bai yanke masa ba, amma in wata ya ƙare ba ya ganin komai a hannu. Ina matsalar take?

Malam, matsalar tana wajen farashinka. A sutudiyo hoto kake sayarwa, a lambu kuwa yininka ake saye. Cikin awa ɗaya za ka iya sallamar mutum biyar a shago. Ranar fita kuwa ka rufe shago, ka jira amarya ta gama kwalliya (kuma duk mun san in ta ce ƙarfe uku, to biyar take nufi), ta sauya kaya sau uku, ka dawo da dare ka zauna gyaran hotuna. Cinikin da ya wuce ka a shago ranar, wa ya biya shi?

Don haka ka zauna da biro da takarda. Rubuta abin da shagonka ke kawowa a yini guda in an yi ciniki daidai gwargwado. Wannan shi ne ƙasan farashinka. A kai ka ɗora kuɗin mota, kuɗin shiga, ladan yaron da zai riƙe maka fitila da faifan mayar da haske, sannan awannin gyara. Wasu wuraren shaƙatawa suna karɓar kuɗi daban in sun ga babbar kyamara, saboda haka ka je ka tambaya tun kafin ranar, kada a tsare ka a bakin ƙofa gaban ango. Ka kuma ware wani abu na lalacewar kaya, domin ƙurar hunturu ba ta raga wa kyamara.

Kada ka ce "hoto nawa kuke so". Ka yanka aikin gida-gida: awa biyu, wuri ɗaya, kaya kala biyu, gyararrun hotuna 15, kuɗi kaza. Wanda yake son a je Millennium Park a Abuja ko Yankari a Bauchi, wannan wani lissafi ne, har da masauki. Rabin kuɗi kafin alƙalami, kuma a rubuce a WhatsApp cewa in an makara fiye da awa guda akwai ƙari. Wannan ba tsanani ba ne. Hasken da ke fitar da fuska da kyau na sassafe ne da na bayan la'asar. Rana tsaka ido yake ƙanƙancewa, kwalliya ta narke, kai kuma a ce ba ka iya ba. Da damina lambu ya fi kyau, amma ku yi yarjejeniya tun farko a kan ranar da za a koma in hadari ya taso.

Akwai abin da masu sana'arku ke raina shi, kuma shi ya fi jawo rigima. Mutanen nan ba a ɗaura musu aure ba tukuna. Gidaje da yawa, da malamai, ba sa son hoton da ake riƙe juna kafin ɗaurin aure, don haka ka tambayi iyakar da iyayensu suka yarda da ita, ka koyi tsayuwar da za ta yi kyau ba tare da an taɓa juna ba. In ƙanwar amarya ko ƙawarta ta biyo su, ya fi maka kwanciyar hankali.

Sannan kada ka sa hoton kowa a Instagram don talla sai da izinin su biyun, a rubuce, kuma ni shawarata ka jira sai an sha biki. Ana sa rana a fasa. Yarinyar da aurenta ya fasu, hotonta da wani yana yawo a shafinka, danginta kai za su nema. In kana son samfurin talla, ka yi wa ma'auratan da suka riga suka tare ragi, su ba ka izini.