Yadda zaka yi sharhin labaran aljanu da na sararin samaniya

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda zaka yi sharhin tarin gajerun labarai na aljanu da na sararin samaniya da ka saya a kasuwar Sakkwato. Kada ka auna su da cewa abin ba zai yiwu ba. Ka duba ko marubucin ya riƙe dokar da shi kansa ya gindaya. In ya ce aljanin baya ƙetare ruwa, sai ga shi a shafi na 40 ya haye Gulbin Rima ba dalili, to nan ne aibin, kuma ka faɗe shi a fili. Wannan ya fi komai ɓata mini rai, domin raina mai karatu ne.

Ba dole sai ka bi labaran ɗaya bayan ɗaya ba. Tsaya kan biyu da suka kama ka da guda da ya gaza, sauran ka taɓa su sama-sama. Ƙarshen labari kuwa, bar wa mai karatu abinsa.

Kafin ka fara, nemi littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo na 1969, labarin Hausa na tafiya sararin samaniya, don ka samu abin kwatantawa daga gida.