Abin da ya sa biskit ɗin tehokote yake fashe maka a obin

Ɗana, na ga tiren da ka bari a kan tebur jiya da daddare, da 'yar takardar da ka maƙala a jikinsa. Ka ce: "Maigida, na bi awon kwaɓin nan yadda ka nuna mini, amma rabinsu sun buɗe baki, abin cikin ya tsiyaye ya ƙone. Ko in ƙara fulawa ne, ko in zuba sitaci a haɗin?" Kada ka ƙara ko ɗaya. Kwaɓinka lafiya lau yake, na gutsura na ɗanɗana. Tun a tukunya aikin ya kuɓuce maka: ka sauke ɗan itacen da sauran ruwa a jikinsa, ka kuma cusa shi cikin kwaɓi da ɗuminsa.

Kai ba ka tashi da tehokote ba, ni ma haka, babu shi a ƙasar Hausa. Itacen tuddan Meziko ne mai ƙaya, mafi yawansa daga jihar Puebla yake fitowa, garuruwa irin su Calpan da Huejotzingo da ke gindin manyan duwatsun nan masu aman wuta. Sunan ma daga harshen Nahuwatil ya samo asali, ma'anarsa ɗan itace mai taurin dutse. In ka riƙe shi a hannu kamar ɗan mitsitsin tuffa ne, ruwan ɗorawa, da ɗigo-ɗigo a fata. Ɗanyensa ba abin marmari ba ne, gari-gari yake a baki, ga tsami da bauri. Sai ya ji wuta ƙamshinsa yake tashi. Yana shigowa kasuwa daga wajen Oktoba, mutanen Meziko su jera shi a teburin tunawa da mamatansu ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, sannan daga 16 zuwa 24 ga Disamba, kwanaki taran bikin posada na jiran Kirsimeti, kusan kowane gida sai an dafa shi da rake da gwaiba da kirfa a yi abin sha mai zafi da suke kira ponce. Shi ya sa ka ga odar ta taru mana a makon nan, na kuma san ita ta sa ka gaggawa. Mu nan Kalifoniya sai a 2015 aka halatta shigo da ɗanyensa daga Meziko. Kafin nan yawancin abin da ke zuwa hannunmu na kwalba ne, jiƙe cikin ruwan sukari.

Abin da muke sawa a cikin biskit ɗin nan sunansa ate, kuma ba jam ba ne. Jam ana shafa shi da cokali, ate kuwa yanka shi ake yi da wuƙa, kamar alewar madara. Ruwan da ka bari a cikinsa, da ya shiga obin sai ya zama tururi, tururi kuma dole ya nemi hanyar fita, sai ya ɓalle ta wurin da ka manne. Sitaci zai toshe maka wannan ɓarakar, amma ya dushe launin, ya danne ƙamshin, mutumin Puebla kuwa da cizo ɗaya zai gane. Kuma ba ka bukatarsa, domin tehokote yana da nasa danƙon mai yawa, wanda ake kira fektin. In ka ba shi sukari da wuta da lokaci, da kansa yake daskarewa.

Ka wanke kilo 1, ka jefa a tafasasshen ruwa minti 5 zuwa 8, har ka ga fatar ta soma tsagewa. Tsame ka ɓare tun da ɗumi, fatar za ta zame a ƙarƙashin babban yatsanka. In ka bari ya huce, sai ta manne ka yi ta fama da wuƙa. Mayar da shi wuta da ruwa kaɗan har ya yi luguf, sannan ka murje a rariyar ƙarfe da bayan ludayi. Kada ka kai shi injin markaɗe da ƙwallayensa. Suna da tauri ƙwarai, ɓarɓashi ɗaya ya isa ya karya wa mutum haƙori, mu kuma yara ne suka fi cin kayanmu. Auna abin da ya ratsa rariyar, ka zuba sukari kashi uku cikin huɗu na nauyinsa. Ni nakan raba sukarin, rabi fari, rabi piloncillo. Kada sunan ya ruɗe ka, mazarƙwailarmu ce sak, sun dai zuba ta a mazubi mai tsini. Jefa sandar kirfa guda, irin mai laushin nan da ke marmashewa a hannu.

Daga nan sai tsayuwa. Wuta matsakaiciya, muciya a hannu, ba waya, ba leƙa obin. Tsohuwar da ta koya mini, 'yar wani ƙauye ce a Puebla, a kaskon tagulla take yin nata, irin wanda maƙeran Santa Clara del Cobre ke bugawa a jihar Michoacán. Ba ta taɓa faɗa mini minti nawa ba. Takan ja muciya ta tsakiyar kaskon ta ce in duba. In hanyar ta rufe nan take, da saura. In ka ga gindin kasko fili, hanyar ta tsaya ka ƙirga uku kafin gefe da gefe su haɗu, to ya yi. Kafin lokacin za ka ji ƙarar tafasar ta sauya, daga ɓul-ɓul ta koma wani fat, fat mai nauyi, launin ya bar ɗorawa ya nufi jaja-ja kamar zuma. Sa riga mai dogon hannu, domin in ya fantsamo maka a fata mannewa yake yi. Daga baya na gane dalilin da ya sa ba ta yarda da agogo: birnin Puebla ya haura mita 2,100 a tudu, ruwa yana tafasa a wajen digiri 93, lokacin da za ta ba ni ba zai yi daidai da murhunmu na bakin teku ba. A tukunyarmu yakan ci minti 40 zuwa awa guda. Kai na tabbata ba ka wuce 20 ba, na gani a launinsa.

Juye shi a faranti mai shafe da ɗan mai, ka bar shi ya kwana. Hausawa suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse, ga shi yau mun samu kanmu muna dafa ɗan itacen da sunansa ke nan.

Kwaɓin kuwa ka riga ka iya: fulawa giram 500, bota 250, sukari 150, ƙwai 1, ɗan gishiri da ƙaramin cokalin bakin hoda. Su can da yawa kitsen alade suke sawa, shi ke ba da wannan rugurgujewar a baki. Mu ba ma taɓa shi, bota mai sanyi tana kai mu kusa, muddin ba ka murza shi kamar kwaɓin burodi ba. Haɗa kawai, rabin awa a firij, murza kaurin rabin santimita. Yanki ate kamar girman ƙwayar dabino ka ɗora a tsakiya, kada son burge mai saye ya sa ka cika. Ninke, danne bakin da cokali mai yatsu, huda bayan sau ɗaya. Digiri 180, minti 18 zuwa 20, gindin ya yi ja, saman bai yi duhu ba. Birgima su cikin sukari da garin kirfa tun suna da ɗumi.

Ragowar haɗinka na jiya yana firij, ban zubar ba. Bai lalace ba, dahuwa ce bai gama ba. Gobe bayan sallar asuba ka zo ka mayar da shi wuta, ni zan tsaya gefenka, kai za ka riƙe muciyar.