Dalilin da ya sa ba na barin a daki zoben tanki da guduma

Yarona, jiya muna kan Peugeot 406 ɗin nan ka yi mini tambaya, ban samu na amsa maka ba saboda mai motar yana tsaye a kanmu. Cewa ka yi: "Oga, duk layin nan da guduma da sukudireba ake kwance zoben da ke riƙe famfon mai a tanki, kuma yana kwancewa. Don me kai sai ka aike ni na ɗauko sifanar nan mai ƙafa uku?" Na ji daɗin tambayar, don ta nuna mini kana kallon aikin da idonka, ba miƙo kaya kawai kake yi ba.

Gaskiyarka, yana kwancewa. Ni ma na daɗe ina yin haka. Lokacin da na shiga kanikanci, 504 mai kafireto ce ta cika gari, famfon manta yana jikin inji, ba abin da ke kai mu saman tanki sai in geji ya daina aiki. Da motocin injekta suka shigo, sai famfon ya koma na lantarki, ya kuma koma cikin tankin kansa, yana tura mai da ƙarfin da ya kai wajen "bar" uku (ma'aunin ƙarfin turi ke nan) a yawancinsu. Motocin sun iso mu kafin kayan aikinsu su iso, sai kowa ya ɗauki abin da ke hannunsa. Daga nan al'adar guduma ta samo asali, ba don ita ce daidai ba.

Ka tuna abin da ka gani da muka ɗaga kujerar baya. Akwai bakin tanki, akwai robar sil, kan famfo ya zauna a kanta, sannan zoben ya danne su gaba ɗaya. Mutane suna zaton aikin zoben shi ne ya hana famfo motsi. Babban aikinsa shi ne ya danne silin nan daidai wa daida ta kowane ɓangare, yadda ko ɗigon fetur ko tururinsa ba zai sami hanya ba. A 406 da Golf 3 zoben na roba ne mai zare, kamar murfin babbar jarka, da haƙora a kewayensa. Idan ka ɗora sukudireba a kan haƙori ɗaya ka buga, duk ƙarfin gudumar a wannan haƙorin yake sauka. Motocin da muke gyarawa da yawa sun haura shekara ashirin, robarsu ta sha zafi ta bushe. Ko haƙorin ya ɓalle, ko zoben ya tsage ta ciki inda ba ka gani, ko ya karkace ya ci zaren bakin tankin. Zobe ana samunsa a Panteka, kasuwar kayan gyara. Amma in bakin tanki ne ya lalace, sai dai a sauke tanki a nemo wani. Sau da yawa kuma sukudireban ne ke zamewa ya sauka a kan ɗan bututun da tiyon mai ke shiga, ya karya shi, sai a wayi gari aikin canza sil ya zama sayen kan famfo sukutum.

Ita kuwa sifanar, ƙafafunta uku suna kama zoben a wuri uku a lokaci guda, kana juyawa daga tsakiya. Ƙarfin ya rabu, zoben yana juyawa a zagayensa ba tare da ya karkace ba. Sirrinta ke nan, babu wani.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne, wajen ɗaurewa ta fi amfani, ba wajen kwancewa ba. Shekarun baya na canza wa wani malamin makaranta famfo, na mayar da zoben da guduma, na buga har ya daina motsi, na ce ya ɗauru. Mai bai kai rabin tanki ba, don haka da muka tayar ba mu ga komai ba. Bayan kwana biyu ya cika tanki zai kai iyalinsa Zariya. Kafin su yi nisa warin fetur ya cika motar, yaran da ke kujerar baya suka fara amai. Da ya dawo na ɗaga kujerar, sai na tarar da fetur kwance a saman tanki, yana gangarawa ta gefe, ga salansa da zafi a ƙarƙashin motar. Zoben ya hau zare a karkace, gefe guda ya danne sil, ɗaya gefen ya bar ƙofa. Allah ne ya tsare mutanen nan. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. A makon na sayi sifanar, kuma tun daga ranar ba a ƙara dukan zoben roba a garejina ba.

To ga yadda nake so ka riƙa yi. Kafin ka taɓa komai, cire fiyus ko rile na famfon mai, ka tayar da mota ka bar ta har ta mutu da kanta, don ƙarfin man da ke cikin tiyo ya sauka. Sannan ka cire kan batir na nagetif. Ka duba geji tun da farko: in tanki a cike yake, kana buɗewa zai malalo cikin mota, sai an rage. Kada kuma ka ce tankin da babu mai a ciki ba shi da haɗari. Tururin shi ne ke kamawa da wuta, kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, ya taru a rami ko ƙarƙashin mota. Ka buɗe ƙofofi huɗu, ka leƙa ka ga ko mai waldan da ke gefenmu yana aiki, in yana yi ka tura motar nesa ko ka jira. Ba sigari, ba ƙwan fitila mai zafi, abin kashe gobara da bokitin yashi a kusa da kai.

Ka share ƙurar da ke kewaye da zoben sosai kafin ka buɗe, musamman a lokacin hunturu, don duk abin da ka bari cikin tanki zai faɗa, sabon famfo ya tsotse shi. Ka sa alama a kan zobe, da kan famfo, da jikin tanki. Ka cire soket ɗin waya da tiyo, da tsumma a hannunka. Sai ka daidaita ƙafafun sifanar su zauna a gindin haƙoran, ba a samansu ba, ka ɗaure su kada su yi wasa, ka tabbata tsakiyarta tana kan tsakiyar famfon. Hannu ɗaya yana danne ta, ɗayan yana jan dogon hannu zuwa hagu a hankali. Ba fizga ake yi ba. In ya ƙi, ƙara tsawon hannun, kada ka ƙara fushi.

Wajen fito da famfon, karkata shi kaɗan don sandar fulota, mai auna yawan man da ke tanki, ta fito lafiya. In ta lanƙwashe, geji zai riƙa yi wa mai mota ƙarya. Wani abu kuma da ba kowa ke faɗa wa yaransa ba: in famfon zai daɗe a waje, ka mayar da zoben kan bakin tanki ka ɗan ɗaura shi, don bakin tankin roba yana iya sauya siffa in an bar shi a sake, zoben ya ƙi hawa daga baya. In ya yi tauri, ka jiƙa shi a ruwan zafi na ɗan lokaci, ka goge shi ya bushe, zai saki jiki.

Sil sabo za ka sa. Tsohon ya riga ya sha fetur ya kumbura ko ya daskare, ba zai koma yadda yake ba. Ka zaunar da shi da kyau, ka saita kibiyar da ke kan famfo da alamar tanki, ka danne famfon, sannan ka fara ɗaura zoben da hannunka kawai. Ka ɗan juya shi baya tukuna har ka ji ya faɗa bakin zare, sannan ka yi gaba. In tun farko yana cijewa, a karkace yake, dawo da shi. Sai ya zauna sosai za ka ɗora sifana ka ƙarasa, zuwa alamar da ka sa ko awon da littafin motar ya faɗa.

Akwai wani irin zoben na ƙarfe, ba shi da zare, 'yan kunnuwa gare shi da ke shiga ƙarƙashin maƙalai, juyi kaɗan yake yi ya kulle. Za ka fi ganinsa a motocin Amurka irin su Ford da Chevrolet. Shi ma yana da tasa sifanar. In babu, kuma dole sai an buga, to da sandar tagulla, kana zagayawa kunne bayan kunne, don ƙarfe a kan ƙarfe yana ba da tartsatsi, a bakin tanki kuwa tartsatsi ɗaya ya isa. Wasu Toyota kuma faranti ne da ƙananan notuna, waɗannan sifanar soket kawai suke so, a ɗaure su a gicciye.

In ka gama, mayar da fiyus da batir, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba sau biyu ko uku, famfo ya cika tiyo, ka duba mahaɗai da ido da hanci. Kada ka rufe kujera ka sallami mota a nan. Ka roƙi mai ita ya cika tanki, ko ya dawo ranar da ya cika, ka sake dubawa. A motocin da ke da kwamfuta mai lura da tururin mai, sil da bai zauna ba yana iya kunna fitilar inji, na'urar gwaji ta nuna maka lambar matsala P0442 ko P0455, sai ka fara dubawa daga inda ka taɓa.

Golf 3 ɗin da aka kawo da yamma, famfonta ne ya mutu, murfin da ake buɗewa a kai ga famfon yana cikin but. Gobe da safe kai za ka kwance zoben ka ɗaure, ni ina tsaye ina kallo. Kafin ka tafi gida, ka duba ko sabon silin da aka sayo ya yi daidai da bakin tankinta.